Malam Munkaila, Mai Ɗauko Sanƙarau a Ƙirji

Kowace rigar Malam Munkaila tana da aljihu ta ciki, daidai ƙirji. Nan yake saka 'yar kwalbar ruwan da ake zuƙowa daga bayan yaron da ake zargin sanƙarau ya kama. Ƙwayar cutar ba ta jure sanyi. In aka sa ta a firji sai ta mutu, gwaji ya tashi banza. Shi ya sa da ɗumin jikinsa yake kawo ta bisa moto, wato babur, daga Dumega ko Ɗan Kassari har labo, ɗakin gwaji, a Dogon Dutsi.

Hasiya, ma'aikaciyar jinya a Dumega, ta taɓa ganin yashi ya kayar da shi. Ya tashi yana dafe da ƙirji, bai ko dubi gwiwarsa mai jini ba.

"Baba, ba ka tsoron ta kama ka?"

"Ɗiyata, an toshe ta da kyau. Ramun hanya nika tsoro."

Akwai wata Bushira, 'yar garin nan mai karatun sinadarai a waje. A jikin ƙwayar akwai wani sukari da babu irinsa a rake ko zuma, shi take ƙoƙarin haɗawa a kwalba, mataki-mataki, ko zai taimaka wajen rigakafi wata rana. Sai ta gwada nata da na ainihi, na ainihin kuwa daga ƙwayoyin da suka iso da rai ake samunsa.

Kai ne ka iso da su, Baba Munkaila. Kai ne jakadan yaran da wuyansu ya sanƙare. Mun gode, Allah ya saka. Matasan asibitocinmu, wani ya taso ya koya tun Malam Munkaila yana kusa.

Don ya yi ritaya, ga zafi na matsowa, lokacin cutar ke nan, kuma ba a turo kowa ba. A walimar sallama Bushira, da ta zo hutu, ta tambaya a hankali: "To yanzu wa zai riƙa kawowa?" Kowa ya dubi kofinsa.

Ana haka wayar shugaban labo ta yi ƙara. Hasiya ce: an kawo yarinya, wuya ya ƙi lanƙwasuwa. Aka shiga duban juna. Malam Munkaila ya ajiye lemonsa, ya laluɓo takalmansa a bakin ƙofa, ya fita.