Dashen Iklima a Bakin Lagun

A Treichville aka haifi Iklima, kodayake mahaifinta daga Maraɗi ya zo. Atamfa take sayarwa a kasuwar Adjamé, kuma duk layin an san ta da faɗa. Tana yarinya sukan kama ƙaguwa a gindin itatuwan da ake kira faletubiye, a bakin lagun, wato babban tafkin garin. Aka bi su da sara har suka ƙare, wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure ta zo ta rufe ruwan, kwalekwale ma da ƙyar yake ratsawa.

Ba wanda ya sa ta. Kowace Lahadi takan rufe shago, ta sa takalmin roba, ta shiga taɓo tana janye kainuwa da manjagara, tana dasa 'ya'yan faletubiye. Mijinta Mansur ya yi magana har ya gaji. Masunta suka riƙa ɗaure kwalekwale a jikin dashenta. Ruwan sama ɗaya kuma sai kainuwar ta dawo kamar ba a taɓa ta ba.

Wata Lahadi gbakar da ta hau, wato ƙaramar bas ta haya, ta maƙale a cunkoson mahaɗar Indénié. Ashe samarin ƙungiyar ƙwallon unguwa, da ta daɗe tana roƙon su zo su taya ta, ranar suka ga dama. Ta iso ta tarar da bakin ruwa fes. Kyaftin ɗinsu Lukumanu ya taro ta yana murmushi, taɓo har wuya.

"Tanti, mun share miki tas! Har ƙananan ciyayin nan masu tsini mun tuge."

Ta leƙa tulin sharar. Dashenta na shekara guda ne a kwance, saiwa a sama.

"Lukumanu, ciyawa ce ke fitowa a jere, kowace da sandarta? Innalillahi! Wa ya aike ku?"

"Ke, Tanti."

Ta sa samarin suka tsince dashen ɗaya bayan ɗaya suka mayar cikin taɓo, tana bin su da masifa har la'asar. Kaɗan ne suka rayu.

Yanzu kowane dashe tana ɗaura masa jan ƙyalle daga shagonta. Makwabta suka fara raɗe-raɗin wai tsafi take yi a bakin ruwa. Da Mansur ya kawo mata labarin, ta yi tsaki.

"Bar su. Tun da suka fara faɗin haka ba wanda ya ƙara taɓa mini ko ganye."