Ciwon Aro

Waɗanda suke ɗakin ran nan su ne maigidana, da malaminsu da ya zo daga Malumfashi a kan babur, da surukata matar ɗana, da shugabar zumuntar mata ta cocinmu, da Hajiya maƙwabciyarmu, sai ni kwance a kan tabarma, lafiyata ƙalau. Akuyar Hajiya ba ta shigo ɗakin ba, amma da ita aka yi komai.

Maigidana manomi ne, masara da waken suya. Da furfura ta gama cin kansa sai ya shiga makarantar tauhidi ta ƙarshen mako, wadda aka buɗe don irinsu da ba fastoci ba. Duk Asabar sai ya wanke ƙafa, ya saɓa jaka, ya bar ni da gona. Ya ce takardarsu ba ta wasa ba ce, babbar makaranta ta amince da ita, har da hatimi. Ni ban taɓa zama a aji ba. Amma na san mutumin nan tun yana saurayi, ban taɓa ganin ya ƙwallafa rai a kan abu kamar takardar nan ba.

Ya ci jarrabawar rubutu duka. Saura ta aiki, wato ziyarar mara lafiya. Malami zai zauna ya ga yadda yake gaisuwa, da karatun aya, da addu'a, har mara lafiya ya samu natsuwa. In ya faɗi, sai baɗi.

Aka nemi mara lafiya a ƙauyenmu aka rasa. Kaka ce, ba mai sukunin kwanciya. Tsohon da muka sa wa rai, mai ciwon gwiwa, ya ji sauƙi ya tafi biki Tsiga. Malamin ya ce ba komai, wani ya kwanta a madadi, da sharaɗin kada ya motsa sai an ce amin.

"Maman yara," in ji maigidana, "ke za ki kwanta."

"Ni? Da rana tsaka? Ko jego ban yi wannan ba."

"Kwanciya ce kawai, ba sai kin yi nishi ba."

"Masarar da na shanya fa?"

"Ga surukarki nan."

Na kwanta. Ya lulluɓa mini bargo cikin zafin nan, wai don abin ya yi kama.

Abin da shi da malaminsa suka manta, a wurinmu ba a wuce gidan da ake jinya. An ga baƙon babur a ƙofar gida, an ji an ce Mama na kwance. Shugabar zumunta ta shigo da kwanon kunu. Hajiya ta biyo ta a guje, ko ƙyauren gidanta ba ta ja ba.

"Ayya, Mama, sannu! Jiya-jiya na ji kina surfe."

Malamin ya buɗe baki zai yi bayani, maigidana ya riga shi: "Mu yi addu'a." Shi ke nan, jarrabawa ta fara. Surukata, wadda aka shirya komai a gabanta, ta ga mata na share hawaye, ta baro masara ta shigo ita ma tana jan hanci. Yarinyar nan ko kaza aka yanka sai ta yi kuka.

Kowa ya rufe ido. Hajiya ta sunkuyar da kai a bakin ƙofa. Ni ce kaɗai ido buɗe, don ba a ce mara lafiya ya rufe nasa ba. Maigidana kuwa ya ɗauko addu'ar tun daga halittar duniya, kada malami ya ce ya tsallake darasi. Bai kai ruwan tufana ba akuyar Hajiya ta shigo tsakar gida. Ta dube ni, na dube ta. Ta sa baki a masara.

Na yi gyaran murya don surukata ta waiga. Aka ce, "Sannu, Mama." Na ƙara. Shugaba ta lalubo ƙafata tana matsawa. Akuya ta yi kira, 'ya'yanta suka zo. Na daure, na ce takarda ce, mai hatimi ce. Sai akuyar ta bar shanya ta nufi kwaryar da na ware irin shukar baɗi a ciki.

Ban san sa'ad da na yar da bargo ba. Na tsallake Hajiya, na suri muciya, na tsallake turmi, na bi akuya har waje ina ihu.

Da na dawo na tarar shugaba na rangaɗa guɗa. "Ta warke! Ta warke!" Hajiya ta riƙe haɓa tana cewa ikon Allah. Maigidana sai a lokacin ya ce amin, ya buɗe ido ya ga tabarma ba kowa. Jikinsa ya yi sanyi, har na ji tausayinsa.

Malamin ya matso ya rage murya. "Mama, kin motsa."

"Na motsa, Malam."

Ya dubi matan, ya dubi dattijon ɗalibinsa, ya daɗe yana sosa ƙeya. "To, an ce in duba ko mara lafiya ta samu ƙarfi. Ta samu, har ya yi mata yawa. Baba, ka ci."

Kafin la'asar labari ya kai Gozaki. Ba wanda ya tsaya jin bayanin malami.

Washegari Lahadi, na zo tashi na kasa. Ashe wajen tsallake turmi ƙugu ya goce. Ciwo na gaske, wanda aka nema jiya aka rasa.

"In yi miki addu'a?" in ji maigidana.

"Kada ka soma."

In na kwanta, gari zai ce addu'ar mai hatimi ba ta kwana. Na sa surukata ta ɗaure mini ƙugu tamau da tsohon zane, na ɗora na coci a kai. Na taka har coci ba sanda, kai a miƙe, na wuce har bencin gaba na zauna, ina amsa barka ina cije haƙori.