Baba Muntari Mai Hoto da Gonar Mamman

Kafin mahauta su gama rataye nama a kasuwar Jega, Baba Muntari ya riga ya share gaban rumfarsa, ya kafa kyamararsa mai ƙafa uku, ya rataya baƙin zanen da ake zama a gabansa. Ranar da babu ciniki kuwa, sai ya ɗaure kayan a bayan tsohon babur ɗinsa ya nufi ƙauye. Yau Liba, gobe Karaye, duk inda aka ce masa akwai gurgu ko makaho da ba zai iya zuwa Jega ba. A watan nan ya ce idonsa ya gaji, zai rufe rumfa. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa.

Da aka ba mu jihar Kebbi, an yi shela cewa gwamnati za ta tallafa wa naƙasassu, wasu da keken guragu, wasu da jari. Mai nema zai haɗa takardarsa da hoton da ke nuna lalurarsa. A nan mutanenmu suka yi ta tuntuɓe. Mu a wurinmu hoto abin ado ne. Ba mai tsayawa gaban kyamara sai ya yi wanka, ya ari babbar riga, ya rufe duk abin da ba ya so a gani. Ma'aikata a Birnin Kebbi su duba su ga mutum fes, su rasa abin da za su tallafa wa, su mayar da takarda.

Haka ta faru da Mamman, wani manomin albasa a Kashin Zama. Ya faɗo daga motar kaya ya karye a ƙafa, masu ɗori na Aliero suka yi iya ƙoƙarinsu, a ƙarshe aka yanke ƙafar a asibiti. Da ƙafa ɗaya ba ya iya jan ruwa daga rijiya ya shayar da albasa. Injin ban-ruwa yake nema da tallafin. In bai samu ba kafin dashe, sai ya bayar da gonar ya zauna gida. Wani mai hoto da ya bi ta garin ya ɗauke shi, aka kai, aka mayar.

Matarsa Kande ce ta aika wa Baba Muntari. Ya zo, ya zauna a zaure, ya karɓi hoton ya daɗe yana dubawa.

"Malam Mamman, wanga kai na, ko hakimi?"

"Rigar ƙanena ta. Mi ta yi?"

"Ta yi kyau. Sai dai su can Birni ba riga sunka ce a kai musu ba. Ƙahwa suka son gani."

Mamman ya ɓata rai. "Ni ba ni naɗe wando a kai dungulmina ofis, kowa shi ɗauka shi duba awa ɗan bara. Gara gonar ta tahi."

Kande ta amsa daga bayan zana. "In ta tahi mu ci mi, Malam? Rigar ƙanenka?"

Da wani ne, da sai ya shiga wa'azi. Baba Muntari ya yi dariya kawai, ya ce, "Tashi ka gwada mini gonar. In ta yi mini, ni in karɓe ta."

"Kai? Kai da ba ka san albasa ba sai cikin miya?"

Mamman ya tuɓe riga, ya ƙulle ƙafar wandon a saman gwiwa kamar yadda yake yi kullum don kada ta ja ƙasa, ya ɗauki sandarsa. Da suka isa gona sai ya manta da fushi. Ya shiga nuna fangali, ya sunkuya ya cire ciyawa daga cikin irin albasar da zai dasa, yana faɗin ranar da ya zuba shi. Baba Muntari na gefe yana kafa kyamara a hankali.

"Tsaya nan, Malam. Haka mutanen Kashin Zama ka ganin ka kullum. Kana jin kunya?"

"Kunyar mi? Gonata ta."

"To, in ka yarda, haka za ni ɗauke ka."

Mamman ya dubi wandonsa, ya dubi irin albasa. Ya gyara hula, ya dafa sanda, ya miƙe ƙyam. "Ɗauka. Amma irin shi hito da kyau."

Wannan hoton bai dawo ba. Kafin dashe ya wuce, inji na kuka a bakin rijiyar Mamman, kuma har yau gonar tana hannunsa.

Daga nan Baba Muntari bai sake ɗaukar mai neman tallafi a gaban baƙin zane ba. Makauniyar da ke tuƙa igiya a Karaye, a kan tuƙarta ya ɗauke ta. Gurgun da ke gyaran takalma a Maiyama, da basilla a hannu.

Baba, kai ne ka gane cewa ba taurin kai ke damun mutanenmu ba, mutuncinsu suke karewa. Kai ne ka nuna wa gwamnati lalurarsu ba tare da ka sunkuyar da kan kowa ba. Mai idon rahama, mun gode. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya ba ka hutu mai daɗi.

Mu kuma da muka rage, masu hoto da masu rubuta takarda da masu babur, aikin ya dawo kanmu. Akwai masu lalura a ƙauyukanmu da har yau ba su nemi haƙƙinsu ba saboda kunya. Kada mu jira su zo. Mu je mu same su a bakin aikinsu.