Guɗar Hadiyya ta Turba

A kasuwar Isa ana faɗin wai ranar da likitocin Sakkwato sunka yi wa Hadiyya aikin wuya, sun manta usur a ciki sunka ɗinke, shi ya sa in ta rangaɗa guɗa a Turba jakai ke tsinke igiya a Gatawa. Ƙarya ce! Ni taubashinta ne, tare munka tashi. Tun tana korar tsuntsu a gonar dawa, tsuntsun da ya ji muryarta sai ya yi hijira Nijar.

Abin da anka ciro maƙoƙo ne, da ciwon daji a ciki. Ta warke, ta riƙa ja wa tabon mayafi, shekara da shekaru ba amaryar da anka kai ɗaki babu guɗarta. Mu duka munka ɗauka abin da anka yanke anka yar ba ya da hanyar komowa.

Bara da damina wani ƙullutu ya fito ƙarƙashin tabon, kamar ƙwallon magarya. Muryar ta fara dushewa. Likita ya ce ciwon ne ya dawo, a sake aiki da wuri, amma wannan karon wataƙila muryar ba za ta tsira ba.

Hadiyya ta ce sai bayan kaka. An sa ranar Nusaiba, ɗiyar ƙanwarta marigayiya, wadda ta goya tun tana jinjira. Mijin Hadiyya ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya gaji. Ta bar tuwo ta koma kunu, zanenta ya fara zagaye ta sau biyu.

Ranar biki, da hantsi anka kai amarya, don yanzu ba mai yarda da hanya in rana ta yi sanyi. A bakin ƙofa Hadiyya ta kama hanci, ta ɗaga kai. Guɗar ta tashi siririya, ta karye a tsaka. Sai mata sunka karɓe mata.

Na iske ta bayan rumbu tana share ido. Na ce, "Kuyangata, wanga kukan kwaɗo kinka hana likita wuƙa dominshi?"

Ta dube ni, ta ce cikin raɗa, "Kai da taka muryar ke lafiya lau, mi ka taɓa faɗi da ita wanda anka tuna? Tashi ka nemo mota, bawan banza. Za ni Sakkwato."