Allon Kawu da Kalmar "Sojojinmu"

Ko tsufa zai mantar da ni hanyar gidana, ba zai mantar da ni allon da Kawu ya sa aka yi masa a Dubai ba.

Wajen 2012 ne na kai shi a cire masa yanar ido. Kawu tsohon soja ne, da shi aka yi yaƙin basasa, kuma in ya kafe a kan abu ko katafila ba ta gusar da shi. Ido na buɗewa, maimakon ya kalli benayen nan masu sosa wa gajimare ciki, sai ya liƙe wa wasu alluna masu ruwan ƙasa da ke bakin titi. Na ce masa wuraren tarihi suke nunawa. Da muka isa masauki a unguwar Hor Al Anz, sai ya ce mutanen nan ko tsohuwar rijiya sai sun kafa mata allo, amma gadar da suka binne abokansa a gefenta, can kudu, ko ƙusa ba a kafa ba. Ya rantse ba zai hau jirgi ba sai an yi masa allo an sa a kwantenar da nake turo kayan kasuwancina gida a cikinta. Na ce ai a Kano ma ana yi. Ya ce na Kano damina ɗaya ke wanke shi.

Aka yi allo, nauyinsa kamar saniya da ɗan maraƙinta. Aka rubuta da Hausa da Turanci: "A nan sojojinmu suka kwanta dama."

Ranar lodi muka kai shi sito a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Mai yi mini kago, wato mai tura mini kaya a jirgin ruwa, wani Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya karanta allon, ya tambayi wace gada ce. Kawu ya faɗa masa. Sai mutumin ya ajiye igiyar da ke hannunsa.

"Baba, babana ma can ya tafi bai dawo ba. Amma shi ta ɗaya gefen kogin yake. Wannan 'mu' ɗin, har da shi?"

Kawu ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya ce a sauke allon. Na shiga yi masa bayani cewa yau za a rufe kwantena, jirgin ruwa kuma ba ya jiran kowa.

"Ɗan nan, da kuskure ba zan kafa shi ba. In ya so a bar kwantenar taka a nan ta yi tsiro."

Mai kago ya ce yalla, mu yi sauri, zai bar bakin kwantena a buɗe har la'asar. Muka koma wurin mai rubutun allo ina tsiyayar da gumin da zai cika randa. Mutumin kuwa ya ɗaga hannu yana ta "khalas, habibi", wai aiki ya riga ya ƙare. Kawu bai yi musu da shi ba. Kujerar mutumin ya jawo ya zauna a bakin ƙofar shago, ya harɗe ƙafa, babu shiga babu fita. Da mai shago ya ga tsohon nan har tasbaha ya ciro, sai ya ɗauko kayan aiki. Aka kankare rubutun farko, aka sa: "A nan 'ya'yan ƙasa ɗaya suka kwanta dama."

Ana kiran la'asar muka iso. Kawu ya kama gefe ɗaya, mai kago ya kama ɗaya, suka hana kowa taɓawa har suka shigar da shi. Bayan kaya sun sauka a gida, Kawu ya nemi izinin mutanen garin da gadar take, ya kuma ƙi kafawa sai da mai kago ya zo gida hutun Kirsimeti. Mai kagon ne ya kwaɓa simintin da hannunsa.

Tun daga ranar, in zan ce "mu", sai na tsaya na duba wa na bari a waje.