Alhaji Mamman mai jar mota ya rasu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe gareji da safen nan aka kira ni daga Shinkafi, wai Alhaji Mamman ya cika bayan asuba.

Har yanzu ban taɓa sifana ba.

Mutanen Kaura na da za su tuna shi. Ɗan kasuwar hatsi ne, amma da motarsa aka fi saninsa. Lokacin da aka ba mu jihar Zamfara ya shigo da ita daga Kwatano, ja, gajeruwa, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, kujera biyu kacal. Motar tsere ce, ba ta hanyoyinmu ba. Kowane rami ta faɗa sai tayoyin baya sun goce, ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya ta ciki.

Ni nake yi mata alaimen, wato daidaita tayoyi. Ba mu da na'ura a lokacin. Zare nake ja daga gaba zuwa baya, in auna, in sassauta noti, in juya kaɗan, in sake aunawa. Shi kuma ya naɗe hannun riga ya riƙe mini bakin zaren. Bai taɓa zuwa hannu sake ba, ko rake ko ƙwaryar fura.

Wata rana da hantsi, farkon Shari'a, motar na bisa jak, na daidaita taya ɗaya saura ɗaya, sai saƙo ya zo daga Gurbin Bore cewa Innata ta faɗi, ba ta magana. Ranar ba kasuwa, babu mota a garin, kuma an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata.

Na fara ɗaure notuna da sauri don in sauke motar in nemi ta haya. Alhaji ya ce da wannan za mu tafi, amma sai na gama aikin.

Na ce, "Alhaji, uwata ce fa."

Ya ce, "Na ji, Sale. Shi ya sa. Wagga mota in ta kwashe da mu a hanyar Zurmi, wa zai ɗauko ta?"

Na koma na ƙarasa aikin. Shi ya riƙa duba zaren yana gaya mini in ƙara ko in rage.

Da muka isa, aka kwantar da kujera aka sa Inna. Sai a nan na tuna babu wurin mutum na uku. Ya miƙo mini makulli kawai, ya ce in wuce asibitin Kaura zai biyo ni. Mutumin da ko ƙanensa bai taɓa ba sitiyarin nan ba. Sai bayan la'asar ya iso Kaura a bayan wata akori-kura, cikin awaki, babbar rigarsa duk ta ɓaci.

Inna ta tashi. Ta yi shekaru bayan nan, har ta ga jikokinta. Kullum in ta tuna sai ta ce ba ta taɓa shiga mota mai wahalar fita irin wannan ba.

Motar ya daɗe da sayar da ita. Zumuncin bai yanke ba.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwar Shinkafi ne, Alhamis ɗin da ta wuce. Ya rame, ciwon suga ya taɓa shi, amma yana zaune a rumfarsa. Ya sa aka kawo mini tsire, shi bai ci ba. Da zan tafi ya ce keke napep ɗin ɗansa Bashiru yana ja gefe ɗaya, kuma da iyalan mutane yake yawo.

"Ka duba mini shi da kanka, kar ka ba kowa."

An kawo mini shi, jiya da yamma na gama. Keken na nan a gareji, yau na yi niyyar kiran Alhaji a zo a ɗauka.

Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Yadda ya tsaya mini ranar da nake cikin tsoro, Allah Ya tsaya masa.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni na kama hanyar Shinkafi.