Tukurwar da Ragon Mai Gida Ya Cinye

A shekarar 2012 ina karatun tsirrai a Giza, ina zaune a wani tsohon gida a unguwar Darrasa. A garinmu akwai kurmi bayan rafi inda tukurwa take tun zamanin kakanni, amma masu gawayi da masu neman gona sun sare shi, gindin da ya rage bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Da zan taho na ɗebo 'ya'yanta, na binne su a gwangwanaye a saman bene, da niyyar in koyi rainonta in koma in dasa.

Wata goma sha ɗaya ina ban ruwa kafin uku suka tsiro.

Ana saura kwana huɗu Babbar Sallah, mai gidanmu, wani dattijo mai shagon littattafai, ya hau da ragon layya sama. Na roƙe shi ya ɗaure shi can wajen tankin ruwa, ya ce tamam, wato ya yarda. Na dawo daga jami'a na tarar da ragon a sake, gwangwanaye a kife, ko ganye ɗaya babu. Da na same shi a shago dariya ya yi.

"Ma'alish, ba komai, ɗana, ai ciyawa ce."

Naman da ya aiko mini ranar sallah magen unguwa na ba.

A tsakar gidan akwai dabino wanda mahaifin dattijon ya dasa, yana ji da shi ƙwarai. Bayan shekara guda na lura da ƙananan ramuka a jikinsa, wani ruwa mai wari yana tsatsafowa. Na san jan ƙwaron nan ne mai cin dabino ta ciki, na kuma san da sauran lokacin yi masa magani. Na wuce abina. Da ganyayen suka fara sunkuyawa ya kira ni, wai tunda karatuna ne in duba. Na zagaya bishiyar, na ƙwanƙwasa, na dube shi ido cikin ido na ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa.

Haka ya yi ta jidar bokiti wata shida. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci kan dabinon ya karyo, cikinsa fal tsutsa. Dattijon ya zauna a ƙasa yana sharar hawaye da hannun riga. Ina taga ina kallonsa har shayina ya huce.

Bishiyar ba ta yi mini komai ba, ita kam tana damuna har yau. Shi kuwa ban yi masa jaje ba, har na tashi daga gidan na koma unguwar Dokki.